Goyon Ciki a Bakin Ƙofar Kamfani: Tarihin Shirin Haihuwar Fari a Bompai da Sharaɗa da Challawa



Gabatarwa

Da aka ba ni dama in zaɓi abin da zan yi magana a kansa yau, sai na zaɓi wata uku kacal daga cikin rayuwar mace, watau daga watan bakwai na cikinta na fari zuwa ranar da Allah zai sauke ta. Na san akwai wanda zai ce wannan ai zancen tsakar gida ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Amsata ita ce, duk wanda yake zaune a nan ta wannan hanya ya zo duniya, kuma duk al'ummar da ake so a san halinta, to, a dubi irin tanadin da take yi wa mace a wannan lokaci. Hausawa da kansu sun ce haihuwa yaƙin mata, yaƙi kuwa ba a fita shi sai da shiri.

Abin da nake so in nuna guda ɗaya ne. A zamanin da, shirin haihuwar fari nauyi ne da gidaje biyu suke ɗauka, gidan miji da gidan iyayen mace. Da masana'antu suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, sai wannan nauyi ya tattaru a kan albashin mutum ɗaya da ɗakin haya ɗaya. Doka da asibiti sun zo domin su tsaya a gurbin dangi, amma har yau ba su cike gurbin nan duka ba, kuma a cikin giɓin da ya rage ne ake asarar rayuka.

Yadda abin yake a da

Idan yarinya ta sami cikin fari a ƙasar Hausa, ba ta faɗa da bakinta. Kunya ba ta bari. Tsofaffin gida su ne kan lura, su yi ta lissafi a zuci. Idan ciki ya kai wata bakwai, sai a mai da ita gidan iyayenta, ta zauna a gaban mahaifiyarta har ta haihu, ta gama wanka. Wannan shi ake kira goyon ciki. A wasu wurare kuwa a ɗakinta take haihuwa, sai bayan suna a tafi da ita wankan gida. Wanda yake son ganin yadda waɗannan al'adu suke kafin zuwan Turawa da farkon mulkinsu, sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954.

Daga ranar da aka tafi da ita, aiki ya rabu. Miji shi ne da itacen wanka, da babbar tukunya, da gero da kanwa na kunu, da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro da kimba, da kuɗin ƙauri, da ragon suna, da tufafin da mai jego za ta fita da su. Iyayen mace su ne da ci da sha da kulawa, su ne kuma za su haɗa garar da za a mai da ita da ita. Mata 'yan'uwa su taru su yi dakan yaji. A yi magana da ungozoma tun da wuri, a karɓo rubutu wajen malam domin sauƙin naƙuda, a hana mai ciki shan zaƙi, a ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Kayan jariri kuwa ba a cika saye ba sai ya iso, domin ana ganin yin haka kamar riga Allah ne, ga kuma kunyar ɗan fari.

Idan muka ajiye sunayen al'ada gefe, muka dubi aikin da goyon ciki yake yi, za mu ga abubuwa huɗu. Na farko hutu ne, gama yarinya ta bar daka da niƙa da ɗebo ruwa na gidan miji, inda kunyar surukai ba ta barinta ta ce ta gaji. Na biyu makaranta ce, domin a nan take koyon riƙon jariri da shayarwa. Na uku sa ido ne, watau akwai babbar mace da take kallonta dare da rana, wadda ba ta jin nauyin tambayarta. Na huɗu kuwa rabon asara ne, ta yadda kuɗin haihuwa bai faɗa a kan aljihu ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka al'adar nan a tsaye take wuri ɗaya tun fil azal. Ganyen darbejiya da ake tsoma wa a ruwan wankan jego a yau, bishiyarsa daga ƙasar Indiya aka kawo ta a zamanin mulkin mallaka, kafin nan da ganyayen gida irin su runhu da tsamiya ake yi. Kwana arba'in ɗin ma da ake ƙirgawa al'ada ce ta tsayar da shi, gama a mazhabar Malikiyya da muke bi iyakar jinin biƙi kwana 60 ne. Ke nan al'ada takan karɓi baƙo idan ta ga amfaninsa.

Zuwan masana'antu

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi shi, kamfanoni suka bi gyaɗa. Daga wajen shekarun 1950 unguwar Bompai ta fara cika da injunan matsar man gyaɗa, da na sabulu da turare da alewa da kwanuka da saƙa. Bayan an kafa Jihar Kano a 1967, aka sami kuɗin man fetur, aka kuma yi dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977, sai Bompai ta yi kaɗan. Aka yanka filayen Sharaɗa kashi-kashi, daga baya aka yanka na Challawa a hanyar Panshekara, inda manyan majemu da masaƙu da kamfanonin robobi da na lemo suka zauna.

Su wane ne suka cika waɗannan ma'aikatu? Paul Lubeck, wani masani daga Amurka wanda ya zauna da leburorin Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma fitar da littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu samari ne daga karkara, kuma da dama sun biyo ta makarantar allo ne kafin su tsaya a ƙofar kamfani neman aiki. Ba 'yan cikin ganuwa ba ne, ba su da gidan gado a birni. Saboda haka na Bompai suka kama haya a Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata da Kawaji, na Sharaɗa a garin Sharaɗa da Ja'en, na Challawa kuma a Panshekara da Kumbotso da ƙauyukan da ke kewaye. Da saurayi ya ga albashi ya zauna, sai ya koma gida ya yi aure, ya ɗauko amarya ya kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya. Kafin shekara ta zagayo ga ciki.

A nan ne tarihinmu ya juya. Wannan yarinya tana zaune ne cikin mutanen da ba ta sani ba, mahaifiyarta tana can nesa, tafiyar yini a mota. Mijinta kuma jiniya ce take mulkin lokacinsa, mako guda aikin safe, mako guda aikin kwana. Manomi kan ajiye fartanya ya dawo gida idan aka aiko masa, amma lebura ba ya barin inji sai da izinin mai kula da aiki, in kuwa ya bari, a yanke masa kuɗin yini. Itacen da da ake sarowa a daji ya zama na saye. Ruwa ya zama na 'yan garuwa. Wankan safe da yamma har kwana 40 kuwa tukunya 80 ke nan, a gidan da iyali biyar ko shida suke layi a banɗaki ɗaya.

Hanyoyi uku da leburori suka bi

Mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Hanya ta farko, wadda aka fi bi, ita ce a riƙe al'ada yadda take, a sa mace a mota a watan bakwai a kai ta ƙauye, miji ya riƙa aika kuɗin itace da gero a ƙarshen wata. Hanya ta biyu ita ce a ɗauko uwa ko gwaggo a kawo ta birni, miji ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin abokinsa ko zaure har a yi arba'in. Hanya ta uku ita ce a dogara da maƙwabta. A gidajen haya matar mai gida ko wata dattijuwa takan zama uwa ga duk amaren da ke gidan, ko da ba yarensu ɗaya ba. Adashi kuma, na maza a wurin aiki da na mata a tsakar gida, shi ya tsaya a gurbin rumbu, har akan roƙi uwar adashi ta sa kwasar mutum ta faɗo a watan haihuwa.

Kowace hanya da aibinta, amma ta farko ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Yarinyar da ta fara awo a birni, aka ba ta kati, idan aka tafi da ita ƙauyen da babu asibiti, to, awo ya yanke a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A watannin ƙarshe ne hawan jini da kumburin ƙafa da fuska suke bayyana, waɗanda in ba a tare su ba sukan kai ga jijjiga, kuma likitoci sun tabbatar mai cikin fari ta fi shiga wannan haɗari. Ita ce kuma, musamman idan ƙarama ce ƙugunta bai gama buɗewa ba, ta fi fuskantar doguwar naƙuda, wadda ke jawo mutuwar jariri da yoyon fitsari. Ga kunya tana hana ta yin kuka ko ta faɗi cewa naƙuda ta fara. Ungozoma ta gargajiya kuwa yawanci bayan an haihu ake kiranta, ta yanke cibiya ta binne mabiyiya. Sai ya zamana al'adar da aka kafa domin tsaron yarinya ta nisanta ta da wurin da za a cece ta in abu ya ɓaci.

Abin da doka ta ce

Tunanin a ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa ya samo asali ne daga ƙasashen da suka riga mu kafa masana'antu. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Wannan ma'auni ne ya shiga Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a sashe na 54. Sashen ya ce mace tana da ikon barin aiki mako 6 kafin ta haihu idan ta kawo takardar likita, kuma ba a yarda ta yi aiki ba har mako 6 bayan ta haihu. Idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin ba yankewa, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau biyu a yini. Ba a kuma yarda a kore ta saboda wannan hutu ba.

A lura da wani abin sha'awa. Mako 6 kwana 42 ne, bambancinsa da arba'in kwana biyu ne kawai. Tsohuwar da ke ƙirga kwanakin wanka a ƙauye da masanan da suka zauna a ƙasar Amurka sun kusan haɗuwa a lissafi ɗaya, domin jikin mace ɗaya ne a ko'ina. Inda suka rabu shi ne kafin haihuwa, gama al'ada tana hutar da mace tun watan bakwai, doka kuwa sai saura wata ɗaya da rabi.

To, amma wa wannan doka ta amfana a Bompai da Sharaɗa da Challawa? Da fari dai, mafi yawan masu tsayuwa a gaban inji maza ne, dokar kuwa ba ta ba uba ko kwana ɗaya ba, ba ta kuma san da matarsa da ke ɗakin haya ba. Na biyu, matan da ke aiki a can, masu naɗe alewa da tsintar gyaɗa a da, da masu tsintar riɗi da zoɓo da ƙaro a 'yan shekarun nan, da yawansu 'yan aikin yini ne, a biya su da yamma ko a ƙarshen mako. Wadda ba a rubuta sunanta a littafin ma'aikata ba, da me za ta nuna ta cika wata 6? Idan cikinta ya tsufa sai kawai ta daina zuwa, wata ta hau gurbinta. Na uku, rabin albashi yana zuwa ne a lokacin da kashe kuɗi ya ninka. Da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Naira 125 a 1981, rabinsa Naira 62 da kwabo 50 ne. Da aka mai da shi Naira 70,000 a 2024, rabinsa 35,000 ne. Duk wanda ya je kasuwar raguna kwanan nan ya san inda wannan kuɗi zai tsaya. Na huɗu, sashen ya faɗa a fili cewa ba dole ne mai kamfani ya biya kuɗin maganin ciki da haihuwa ba.

Duniya kuwa ta yi gaba. A shekara ta 2000 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗaga ma'auninta zuwa mako 14. Gwamnatin Tarayya ta ba ma'aikatanta mata mako 16, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 ga uba. Jihar Kaduna ta ba matan da ke aikinta wata 6 a 2019. Duk wannan alheri a ofisoshin hukuma ya tsaya, leburar kamfani tana nan a kan ma'aunin 1919. Ina roƙon ma'aikatan hukuma da ke cikin wannan zaure su riƙe wannan magana.

Abin da likitoci suka gano

Bincike biyu da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun shafi maganarmu. Na farko shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Babban abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya gagara a gida ake kawo su. Na biyu shi ne na Davidson da Parry na 1978, kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Sun ɗora alhakinsa a kan yawan shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

Wannan ra'ayi na biyu ya daɗe ana karantar da shi, har wasu 'yan boko suka ɗauki wankan jego tamkar shi ne tushen duk wata cuta. Amma a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitoci da dama na ƙasar nan, inda suka ga abubuwan da suka fi tafiya tare da ciwon su ne rama, da rashin ilmin zamani, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki, al'adun jego kuwa ba su fito a matsayin dalili mai ƙarfi ba. Ba ina cewa a sha kanwa ba iyaka ba ne, ko a ƙona jiki da ruwa. Abin da nake cewa shi ne, kafin a tuhumi tukunyar wanka, a dubi tukunyar tuwo.

Asibiti shi ma ya canja shirin haihuwa ta wata fuska. Matar da ke awo a Asibitin Murtala, ko na Sir Muhammadu Sanusi da ke kusa da unguwannin leburorin Bompai, akan ba ta jerin kayan da za ta zo da su, irin su safar hannu da auduga da leda da zannuwa da kayan jariri. Ta haka kunyar sayen kaya kafin haihuwa ta fara sakin mutane, jakar haihuwa ta shiga sahun itace da yaji. A 2001 gwamnatin Jihar Kano ta shelanta kula da masu ciki da haihuwa kyauta a asibitocinta, abin da ya ƙara yawan masu zuwa. Duk da haka, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne na haihuwa ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne kawai.

Bayan injuna sun yi shiru

Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, sai kamfanoni da yawa a waɗannan unguwanni uku suka rufe, wasu aka mai da su rumbunan ajiya. Amma mutanen da masana'antu suka tara ba su koma ƙauye ba. 'Ya'yan leburorin farko a Dakata da Ja'en da Panshekara aka haife su, a nan suka yi aure. Wannan ya kawo wani sauƙi da ba wanda ya shirya shi, domin yarinyar da ta tashi a Dakata, idan aka ce ta tafi goyon ciki, gidan iyayenta bai wuce tafiyar adaidaita sahu ba, katin awonta kuma bai yanke ba. Sai dai aikin dindindin ya ragu, aikin yini ya ƙaru, saboda haka waɗanda sashe na 54 yake kārewa sun ƙara ƙaranci. Baƙi kuma ba su daina zuwa daga karkara ba, kowane da amaryarsa.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, na ce goyon ciki yana yin aiki huɗu, hutu da koyarwa da sa ido da rabon asara. Tarihin shekarun nan ya nuna cewa doka ta ɗauki hutu ta ba 'yan kaɗan, asibiti ya ɗauki sa ido ya fi tsofaffi iyawa, amma sai ga wadda ta isa gare shi, koyarwa tana nan a hannun uwaye da maƙwabta, rabon asara kuwa an bar wa adashi.

Daga wannan nake ba da shawara uku. Ga magidanta, idan za a kai mace goyon ciki, a fara tambaya ko akwai asibiti kusa da gidan iyayenta, a tafi da katinta, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini, a kuma bar izini tun da wuri cewa in naƙuda ta zo a tafi da ita ko miji yana bakin aiki. In babu asibiti, gara uwa ta zo birni. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki ɗaya, kuma mafi yawansu a watannin ƙarshe suke. Ga ma'aikatan hukuma, musamman na ma'aikatar ƙwadago da ta lafiya, a duba littattafan kamfanoni a ga mata nawa ne suka shekara suna aiki da sunan 'yan yini, a kuma nemi a gyara sashe na 54 ya daidaita da abin da hukuma take ba nata ma'aikatan. Ga ɗalibai kuwa, matan da suka yi haihuwar fari a gidajen hayar Gwagwarwa da Tudun Wada a shekarun 1970 sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ku je ku zauna da waɗanda suka rage, ku rubuta abin da suka gani da harshensu, kamar yadda aka yi wa Baba ta Karo, tun kafin lokaci ya ƙure.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.